Ranar da Lado Ya Je Tsinko Inabi a Kan Keke

Ranar da na fara ganin Lado, yana tsaye ne a kan kujerar falonmu, kansa cikin mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin da ta ƙi aiki tun safe. Daga can ciki yake ba Babanmu labarin yadda ya taɓa gyara irinta a gidan wani attajiri, har ƙanƙara ta riƙa zubowa a kan kafet, masu gida suka shiga neman barguna. Ni ina bayan labulen kicin da tiren shayi, ina jiran Yaya Munzali ya zo ya karɓa. Da ya zaro kansa, baƙin mai ya ja masa layi a goshi, yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

"Baba, a kunna," in ji shi. "Amma a ajiye rigunan sanyi kusa."

Aka kunna. Na'urar ta yi tari, ta feso ƙura a kan tuwon Baba, sannan ta shiga huro iska mai zafi kamar bakin tanderu.

"Haka take farawa," in ji Lado. "Sai ta amayar da zafin da ke cikinta tukuna."

Ya yi ta dawowa har ta gyaru. Bayan ta gyaru ma bai daina zuwa ba.

A Jaradiya aka haife ni, nan cikin Riyad, kuma da Larabci na yi makaranta. Karatun Hausa ni na koya wa kaina, da tsofaffin littattafan da Umma ta zo da su daga Kano a ƙasan akwati. Samarin da ke cikinsu duk masu nutsuwa ne, ba sa magana sai da dalili. Lado kuwa ko atishawa ya yi sai ya ce ta fi ta kowa ƙara. Amma duk ranar da na ji muryarsa a matakala, sai in tarar na karanta layi ɗaya sau uku ban san abin da ya ce ba.

Da ya fito da maganar aure, Baba ya sa Umma ta tambaye ni. Na sunkuyar da kai ina murza gefen mayafi, har ta gaji ta je ta ce, "Sailuba dai ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba."

Baba Dalhatu, mahaifina, ya daɗe yana tuƙa motar 'yan makaranta a garin nan, kuma surutun yara ya ƙoshe shi, shi ya sa maganarsa gajera ce. Ya kira Lado falo, ni kuma na koma wurina na bayan labule.

"Lado, sana'arka ba ta dame ni ba, asalinka bai dame ni ba. Bakinka ne. Tun da na san ka ban ga maganarka ɗaya da ta cika ba. Ka faɗi abu guda, kowane iri, ka cika shi a gabana. In ka cika, a turo manya. In ba ka cika ba, mu ci gaba da gaisawa a masallaci."

Na rufe ido ina addu'ar ya ce zai kawo buhun shinkafa.

"Baba," in ji Lado, har da gyara zama, "ranar Asabar zan hau keke daga ƙofar gidan nan, in gangara kwarin Wadi Hanifa, in bi hanyar tsakuwar nan ta bakin rafi da Turawa ke bi, in isa wata gonar inabi da na hango lokacin da nake aiki a saman wani gida. Da hannuna zan tsinko maka, in kawo kafin shayinka ya huce."

Watan Janairu ne, kowa na cikin rigar sanyi. Baba ya dubi Yaya Munzali, Yaya Munzali ya dubi silin.

"Inabi?" in ji Baba. "Yanzu?"

"Yanzu ne lokacinsa, Baba. Ni ɗan ƙasar Zazzau ne, a lambun kawuna na tashi. Da ruwa ya ɗauke, sanyi ya shigo, sai inabi ya nuna."

"A can ke nan," in ji Yaya Munzali.

"Yaya, inabi ai inabi ne. Ba ya neman iƙama, takardar zaman baƙi, balle ya canza hali don ya zo Saudiyya."

Baba ya ɗauki carbinsa. "Allah ya kai mu Asabar."

Duk wanda ya girma a nan ya san inabi sai tsakiyar zafi, ruwan sama kuma a lokacin sanyi yake zuwa. Lado bai daɗe da zuwa ba, kuma da damina da ranin garinsu yake auna duniya. Na yi ƙoƙarin faɗa masa da ya zo zance washegari, muna tsaye a matakala, Yaya Munzali na sama yana yi kamar yana danna waya.

"Lado, a nan fa..."

"Na sani, tsoro kike ji. Kwantar da hankalinki. Ƙafafun nan sun taɓa kai buhun masara daga Hunƙuyi zuwa Zariya tsakanin kiran salla da tayar da ita."

Na haɗiye sauran maganar. Kafin magariba ya riga ya sanar a zauren wayar 'yan Najeriya na unguwa cewa kowa ya fito ranar Asabar, ya zo da kwanonsa.

Keken a haraj ya samo shi, kasuwar tsofaffin kaya. Abokin ɗakinsa Bashari, mai aikin fenti, ya haɗo masa da hular kwano da ɗan matsattsen wando irin na Turawan. Da safiyar Asabar muka ji gardamarsu tun daga ƙasan bene.

"A gaban surukina? Da wannan? Ai gara ka kashe ni, Bashari!"

"To da me za ka hau?"

Da babbar riga ya hau. Farar shadda ce mai aiki har ciki, ta sha guga, ga hula ƙube, ga hular kwano a kan ƙuben ta zauna kamar an kifa akushi. A bayan keken ya ɗaure kwandon wanki na roba, wanda yaro zai iya kwanciya a ciki. Maƙwabciyarmu Anti Mariamou, 'yar Maraɗi, ta leƙo ta taga.

"Ango, keken ne zai ɗauke ka, ko kai za ka ɗauke shi?"

"Anti, ke dai wanke kwanonki."

"Na wanke har da na maƙwabta."

Muka shiga mota. Yaya Munzali na tuƙi, Baba a gaba, ni da Umma da Anti Mariamou a baya da flas ɗin shayi. Motocin 'yan unguwa suka jeru a bayanmu, muna tafe a hankali kamar masu rakiyar amarya, Lado a gaba rigarsa na kaɗawa.

Bai yi nisa ba ya tsaya wurin mai faci a ƙara wa tayoyin iska. Mutumin ya hura, ya matsa da yatsa, ya ce halas, ya isa.

"Zid!" in ji Lado. "Ƙara! A gida sai taya ta yi ƙara kamar kalangu muke hawa."

Mutumin ya ƙara, ya ja da baya, ya toshe kunne ɗaya.

A kan kwalta abin ya yi kyau, har ya saki hannu ɗaya yana ɗaga wa mutane. Da muka gangara cikin kwarin, ya sauka kan hanyar tsakuwa da ke bin rafi tsakanin gonakin dabino, mu kuma muna binsa ta titin da ke gefe, sai keken ya koma ɗan akuya. Kowace tsakuwa sai ta cilla shi sama. Hular kwano ta zamo ta rufe masa ido, ya tura ta, ta dawo. Yaya Munzali ya sauke gilashi.

"Jarumi, yaya hanya?"

"La-la-lafiya lau! Ta-ta-tausa ce!"

Yana rufe baki sarƙar keken ta cafke gefen rigar. Muna kallo ta riƙa haɗiye shaddar a hankali, tana jan sa gefe, tana jan sa, har ya kwanta cikin tarin busassun ganyen dabino, ƙafafu a sama, fedar na juyawa ita kaɗai. Bashari ya fito daga motar baya da wuƙar kankare fenti. Sai da aka yanke kusan rabin hannun rigar kafin keken ya sake shi.

"Da ma ta yi mini yawa," in ji Lado yana kakkaɓe jiki. "Telan ne bai iya awo ba."

Daidai nan wasu Turawa suka wuce a kan kekunansu masu faɗin taya, suna tafiya sumul, ɗaya har ya ce masa salamu alaikum. Lado ya bi su da ido.

"Tayoyinsu ba iska. Ku duba yadda suke lotsewa. Bari in nuna musu."

Ya hau, ya miƙe tsaye a kan feda, ya bi su. Ya kusa kamo na ƙarshensu, wata dattijuwa mai furfura, sai muka ji tau! kamar an harba bindiga. Tattabaru suka tashi daga kan dabino. Wani Balarabe da ke gasa nama a gefen rafi ya yar da tsinken naman ya kwanta. Tayar gaba ta tsage daga baki zuwa baki.

"Shi ke nan," in ji Umma. "Ku ɗauko shi, mu koma gida da mutuncinmu."

"Umma, wannan ai ƙaramin abu ne. A gida ciyawa muke cusawa."

Babu ciyawa, sai ya cusa guntun rigar da aka yanke da zaren bawon dabino, ya ɗaure da ragowar igiyar kwando. Keken ya ci gaba da tafiya yana ɗingishi, gwaf, gwaf, gwaf, kwandon na amsawa daga baya.

Sama ta fara duhu daga can gaba. Umma ta leƙa ta ce, "Wannan fa hadari ne."

"A Janairu?" Lado ya yi dariya har keken ya karkace. "Umma, rani ake. Hayaƙin gari ne."

Baba ya sa aka shimfiɗa darduma a wani tudu, inda ake hango ƙofar gonar a tsallaken busasshiyar ƙoramar da ta raba kwarin biyu. 'Yan unguwa suka zazzauna da kwanukansu. Lado ya tura keken ya tsallaka ta cikin yashi. Umma ta dubi Yaya Munzali.

"Ɗauki Bashari ku zaga ta gada, kada ya mutu a gonar mutane. Sailuba, bi su da ruwan sha."

Haka aka yi na ga komai daga kujerar baya, gilashi a sauke. Gonar tana nan, layi bayan layi na wayoyi da turaku. Sai dai babu ganye ko ɗaya. Itatuwan inabin duk tsirara suke, baƙaƙe, kamar yatsun tsofaffi. Wani dattijo ɗan Sudan na tsakiyarsu da almakashi yana datse rassa, ya tara su tsibi a gefe.

Larabcin Lado na gyaran mukayyif ne kawai, don haka Yaya Munzali ya zama tafinta, kuma ban taɓa ganin ya ji daɗin wani aiki kamar wannan ba.

"Tambaye shi ina suka ɓoye inabin."

Aka tambaya. Dattijon ya dubi hular kwano, ya dubi rigar mai hannu ɗaya da rabi, ya dubi kwandon.

"Ya ce ka dawo in zafi ya fara narkar da takalmi."

"Ka ce masa a garinmu yanzu ne ake tsinka."

"Ya ce to Allah ya kiyaye hanya, ka gaida mutanen garinku."

Lado ya shiga layukan da kansa. Ya ɗaga wannan reshe, ya leƙa ƙarƙashin wancan, har ya durƙusa yana duba ƙasa ko wani ya faɗo. Bashari ya bi shi ya ja shi kusa da motar, ya rage murya.

"Akwai kanti a bakin titi. Mu sayo na kwali, mu cire leda, mu zuba a kwando. Tsohon na can nesa, ina zai gani?"

"A'a."

"Kai, yarinyar fa za ka rasa!"

"Na ce da hannuna zan tsinko. Ni ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba, Bashari. Abin ne dai yake zuwa ba yadda na faɗa ba."

Na matse gorar ruwan da ke hannuna har ta yi ƙara.

Dattijon, ko tausayi ne ya kama shi, ya zaɓo reshe ɗaya daga tsibin, tsawon kamu guda, ya miƙa masa yana bayani.

"Ya ce ka dasa, ka shayar, ka yi haƙuri," in ji Yaya Munzali. "Na ukun ne zai ba ka wahala."

Lado ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye shi a tsakiyar ƙaton kwandon, shi kaɗai.

Sai ga yayyafi. Mutanen Riyad kuwa in ruwa ya sauko ba gida suke gudu ba, waje suke fitowa. Kafin mu zaga ta gada mu koma wurin darduma, bakin kwarin ya cika da motoci, iyalai da butocin shayi, yara na tsalle, kowa waya a sama. Mun yi da Lado ya biyo mu ta gada, ya ce gada kwalta ce, shi kuwa hanyar tsakuwa ya yi alƙawari.

Muna tsaye muka ga wani jan ruwa ya leƙo daga saman ƙoramar, siriri, yana tura kara da ledoji a gabansa. Lado na tsallake, ya riƙe keke.

"Kada ka shiga!" Yaya Munzali ya ƙwala ihu. "Ambaliya ce! Daga sama take!"

"Ruwan rani ne, Yaya! Ba ya wuce idon sawu!"

Ya hau, ya shiga. Ruwan ya kai idon sawun, ya gaisa da shi, ya wuce gwiwa. A tsakiya ya kai ƙugu. Babbar rigar ta kumbura ta taso kewaye da shi kamar laima. Keken ya zame daga ƙarƙashinsa ya kama hanyar kudu, igiya ta kwance, kwandon ya bi baya yana juyi. Mata suka sa salati. Ni ban san lokacin da na kama hannun Anti Mariamou ba, sai da ta ce zan karya ta.

Lado bai bi keken ba. Kwandon ya bi. Ya yi tsalle ya faɗa kansa, ya nutse, ya taso da reshen a baki, ya rungumi wani kututturen dabino da ke gefen ruwan, ya manne.

Wasu samarin Larabawa suka kawo motarsu jif har bakin ruwan, suka jefa masa igiya. Suna ta tambayar sa ko lafiya, ko ya ji ciwo, ko ya iya ɗaurawa, shi kuwa ba halin amsa, sai "Mmm! Mmm!" Wannan ne karo na farko da jama'ar Jaradiya suka ga an yi wa Lado tambaya bai ba da labari ba. Aka ja shi ta cikin laka kamar buhu. Ya miƙe, takalmi ƙafa ɗaya, farar shadda ta koma kalar kunun kanwa, hular kwano na nan daram. Kwarin gaba ɗaya ya ɗauki tafi da fito, wani na ihu, "Masha Allah, ya Nijiri!" wato ɗan Najeriya.

Ya tako har bakin darduma, ruwa na tsiyaya. 'Yan unguwa suka buɗa masa hanya da kwanukansu a hannu. Ya durƙusa gaban Baba, ya cire reshen daga baki, ya nemi busasshen wuri a jikinsa da zai goge shi bai samu ba, ya miƙa haka nan.

"Baba, ga inabin. Wato... yana ciki. Bai dai fito ba tukuna."

Dariya ta fashe. Bashari ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Anti Mariamou ta miƙa kwanonta ta ce a zuba mata nata kason.

Baba bai yi dariya ba. Ya juya reshen, ya duba shatin haƙoran da ke jiki.

"Lado, ka ce inabi. Wannan ko asuwaki bai kai ba."

Lado ya buɗe baki. Kowa na jiran jin yadda za a yi bayanin wannan. Ya rufe. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa, sai haƙoransa da ke kaɗawa don sanyi.

"A gaban mutane muka yi magana," in ji Baba. "Na gode da wahalarka. Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ya ajiye reshen a gefen darduma.

"Amin, Baba," in ji Lado a hankali. Ya miƙe ya juya, takalminsa ɗaya na cakal cakal.

Ban yanke shawarar komai ba. Ganin kaina kawai na yi na durƙusa na ɗauki reshen. Yana da sanyi, da ƙananan idanu a jere a jikinsa, kumburarru.

"Baba," na ce. "Ai bai mutu ba. Dubi idanunsa."

Umma ta zaro ido. Yaya Munzali ya sauke wayarsa. Lado ya tsaya, bai juyo ba.

"To?" in ji Baba.

"Dasa shi za a yi."

"Wa zai dasa? Wannan?" Ya nuna Lado da haɓa. "Ai hura masa iska zai yi har ya fashe."

"Ni," na ce, ina kallon darduma.

Baba ya kai hannu bayan kunne. "Ruwan nan na da ƙara, Sailuba. Ban ji ba."

Na ɗaga kai. Ga 'yan unguwa, ga Larabawa da wayoyinsu, ga Lado ya juyo, laka na gangarowa daga ƙarƙashin hular kwano. Muryar da ta fito ban san ina da ita ba.

"Na ce ni zan dasa shi, Baba. Na yi alƙawari zan shayar da shi safe da yamma har ya yi 'ya'ya, in tsinko in kawo maka da hannuna. Amma a gidan Lado zan dasa shi."